Tuffar da na dasa a Minesota ta mutu bayan hunturu ɗaya, me zan dasa kuma yaya zan kula da shi?

Wani ɗan'uwa haifaffen Zariya, wanda ya sayi gida mai fili kimanin eka biyu a bayan gari a tsakiyar jihar Minesota ta Amurka, ya aiko da tambaya. Ya ce bara a watan Yuni ya sayo tuffa huɗu da itacen fic (wanda Turawa ke kira peach) biyu daga wani babban kanti, ya dasa su, ya yi ta zuba musu taki da ruwa har watan Satumba, suka yi tsiro mai ban sha'awa. Da dusar ƙanƙara ta narke, fic ɗin biyu ba su farka ba sam, tuffa biyu kuma suka fitar da ganye a watan Mayu sannan suka bushe a tsaye. Yana son sanin inda ya yi kuskure, da abin da ya kamata ya dasa domin iyalinsa su riƙa samun abin tsinka kowace shekara.

Malam, kafin komai ina so ka ɗauki wuƙa ka je gindin tuffa biyun da suka bushe, ka durƙusa, ka kau da ciyawa, ka duba ɓawon daga ƙasa zuwa tsawon taki ɗaya. Ina kyautata zaton za ka tarar an gaigaye ɓawon an zagaye gindin da shi, har farin icen ciki ya bayyana, da ƙananan sawun haƙora bibbiyu. Wannan aikin wani ɗan ɓeran ciyawa ne mai gajeren wutsiya, wanda ke haƙa hanyoyinsa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk tsawon hunturu, inda idon mujiya da shaho ba ya kaiwa, yana cin ɓawon ƙananan itatuwa saboda zaƙinsa. Itacen da aka yi wa haka yana iya yaudarar mai shi, domin ruwa na bi ta cikin ice ya hau sama, ganye ya fito kamar lafiya lau, amma abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, kuma an riga an yanke wannan hanyar. Saiwa sai ta mutu da yunwa, saman ya biyo ta. Idan kuwa ka tarar ɓawon yana nan daram, to ka kankare shi kaɗan da wuƙar. Launin ƙasa-ƙasa a ciki maimakon kore yana nuna sanyi ne ya kashe shi, kuma a nan takin da ka zuba a watan Agusta da Satumba yana da hannu dumu-dumu.

Wannan batu na taki shi ne abin da ya fi wahalar shiga zuciyar wanda ya tashi da mangwaro da gwaba. A gida mun san cewa matuƙar akwai ruwa da taki, itace yana ci gaba da girma, kuma tsiro alheri ne a kowane wata ya zo. A ƙasar sanyi tsiro yana da lokacinsa, kuma wanda ya zo bayan lokaci hasara ce. Tun daga ƙarshen watan Yuli, yayin da yini yake ta raguwa, itacen tuffa yakan daina tsawo, ya rufe kan kowane reshe da toho mai tauri, ya fara tara sukari a jikinsa yana rage ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittarsa. A hankali yake yin wannan shiri, mako bayan mako, kuma kowane dare mai sanyi yana ƙara masa ƙarfin jurewa, har ya kai cikarsa a tsakiyar hunturu. Itacen da ya kammala shirinsa zai iya jure digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos a watan Janairu, alhali shi ɗin dai digiri 15 ƙasa da sifili zai iya hallaka shi a farkon Nuwamba idan bai gama ba. Taki mai sinadarin naitirojin da aka zuba a makare yana ce wa itacen ya ci gaba da tsiro, sai sanyi ya riske shi da ɗanyun rassa cike da ruwa.

Manoman yankin ba su manta da darasin ranar 11 ga Nuwamba, 1940 ba. Kakar shekarar ta yi ɗumi sosai, itatuwa ba su yi barci ba, wasu ma da ganyensu, sai guguwar dusar ƙanƙara ta sauko kwatsam, ma'aunin zafi ya faɗi warwas cikin sa'o'i kaɗan. Jihar Ayowa, maƙwabciyarku ta kudu, wadda a lokacin tana cikin manyan masu noman tuffa, ta yi asarar gonaki masu ɗimbin yawa a wannan dare, kuma da yawa daga cikinsu aka tumɓuke kututturen aka mayar da filin gonar masara. Sanyin wannan rana bai kai na watan Janairun da itatuwan suka saba jurewa ba. Lokacin da ya zo ne ya yi ɓarnar. Saboda haka ƙa'idata ita ce, ba na zuba wa itace taki bayan ƙarshen watan Yuni, kuma ƙaramin itacen da ke ƙara tsawon santimita 30 zuwa 45 a shekara ba ya bukatar taki ko kaɗan. Ruwa dabam ne. Ana rage shi a watan Satumba, amma idan kaka ta yi fari ana shayar da itacen sosai kafin ƙasa ta daskare, domin busasshiyar ƙasa ta fi saurin shigar da sanyi zuwa ga saiwa.

Game da fic kuwa, ka yi haƙuri, babu abin da za ka yi da zai raya su. Tohon furensa yana mutuwa idan sanyi ya kai wajen digiri 25 ƙasa da sifili, icen kansa ba ya wuce wannan da nisa, kuma inda kake zaune kusan kowace shekara sai an zarce haka. Manyan kantuna suna yin odar dashe iri ɗaya su rarraba wa rassansu a jihohi masu yanayi daban-daban, kuma ganin itace a kanti kusa da gidanka ba shaida ba ce cewa zai rayu a bayan gidanka. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da taswira da ta kasa ƙasar zuwa shiyyoyi bisa matsakaicin dare mafi sanyi na kowace shekara, kuma an sabunta ta a 2023. Shiyya ta 4, wadda ta ƙunshi mafi yawan tsakiyar Minesota, tana nufin digiri 29 zuwa 34 ƙasa da sifili, shiyya ta 3 da ke arewa kuma ta kai har 40. Sai dai ka lura da kalmar matsakaici. Taswirar tana gaya maka shekarar da aka saba gani, itacen tuffa kuwa zai yi shekara talatin ko fiye a wurin, kuma cikin waɗannan shekaru dole a samu hunturu irin na ƙarshen Janairun 2019, ko irin na 1996 da garin Tawa a arewacin jihar ya ga digiri 51 ƙasa da sifili a ranar 2 ga Fabrairu. Don haka ina ba da shawarar duk itacen da za a dogara da shi ya kasance wanda aka tabbatar yana jure shiyya ɗaya fiye da taka sanyi. Wanda yake kan iyaka, a dasa guda ɗaya don gwaji, kuma kada a sa rai a kansa.

Abin farin ciki shi ne ka sauka a jihar da ta shafe fiye da ƙarni guda tana wannan gwagwarmaya. Wani manomi mai suna Peter Gideon ya zo gefen tafkin Minetonka a 1853, ya yi shekaru yana shuka itatuwa dubbai sanyi yana kashewa, har daga ƙarshe ya samu guda ɗaya daga irin da aka aiko masa daga jihar Men, ya sa mata sunan matarsa, Wealthy, a 1868. Jami'ar Minesota ta ɗora daga nan, ta fitar da Haralson a 1922 da Honeycrisp a 1991. Idan ni ne kai, da Haralson zan fara, duk da cewa Honeycrisp ce ta yi suna a duniya. Haralson tana da tsami, tana da taurin rai, tana daɗewa a ajiye, kuma ta dace da dafawa. Honeycrisp daɗinta ba a magana, amma shagwaɓaɓɓiya ce: 'ya'yanta sukan yi baƙaƙen ɗige-ɗige masu ɗaci saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam, musamman a ƙaramin itacen da aka cika wa taki, kuma idan ta yi 'ya'ya da yawa bana sai ta huta baɗi. A ƙara Zestar, wadda ke nuna tun ƙarshen Agusta, da Chestnut, ƙaramar tuffa mai zaƙi da yara ke so, wadda kuma furenta ke taimaka wa sauran. Wannan taimako wajibi ne, domin mafi yawan tuffa ba ta ɗaukar 'ya'ya da garin furen irinta, sai ƙudan zuma ya kawo mata na wani iri dabam da ke fure a lokaci guda. Haralson goma a jere tamkar itace ɗaya ne ta wannan fuska.

Duk tuffar da ka saya 'yar aure ce, kamar mangwaro ɗan aure da ka sani a gida, wato sama dabam gindi dabam. Mutane sukan karanta sunan saman su manta da tambayar gindin, alhali gindin ne ke yanke tsawon itacen, da shekarar da zai fara haihuwa, da yadda saiwarsa za ta jure daskararriyar ƙasa. Saiwa ba ta da juriyar reshe ko kusa, domin wajen digiri 10 ƙasa da sifili a cikin ƙasa ya isa ya yi mata lahani, kuma abin da ke cetonta shi ne dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe ƙasa kamar bargo. Shi ya sa hunturun da ya zo da sanyi ba tare da dusa ba ya fi mai dusa har gwiwa haɗari. Gindin da ake kira Bud 9, wanda aka samar a Rasha, yana ba da gajeren itace da ba ya wuce mita biyu da rabi zuwa uku, yana fara haihuwa a shekara ta biyu ko ta uku, amma saiwarsa ba ta da ƙarfin riƙe shi, dole a kafa masa turke na dindindin tun ranar dashe. Bud 118 ya fi shi girma sosai kuma yana tsayawa da ƙafarsa. Antonovka, shi ma na Rasha, yana ba da babban itace irin na da, wanda sai an jira shi shekara shida ko fiye, amma jikokinka za su iya hawansa. Tunda filinka eka biyu ne, ka haɗa: gajeru uku ko huɗu kusa da gida domin iyali su fara ɗanɗanawa da wuri, manya biyu can nesa. Idan mai sayarwa ya kasa gaya maka sunan gindin, ka bar masa kayansa ka nemi masu renon dashe na yankin. Su ne ke sayar da dashe tsirara, ba tukunya ba ƙasa, a watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kuma shi ne lokacin dashe a wurinku, da zarar ƙasa ta narke ta daina caɓi. Dashen kaka da ake yi a jihohin kudu bai dace da ku ba.

Zaɓen wuri yana da wata dabara da ta saɓa wa abin da muka saba. A gida fadama ita ce zinariyar gona, amma a can kwari shi ne wuri mafi muni. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, kuma a daren da sama ta washe babu iska, takan gangaro kamar ruwa ta taru a duk inda ƙasa ta yi kwari, ko a bayan shinge mai kauri da ya tare mata hanya. Bambancin digiri biyu ko uku tsakanin saman gangare da ƙasansa ba wani abu ba ne a watan Janairu, amma a watan Mayu shi ne bambancin shekarar yalwa da shekarar babu. Furen tuffa da ya buɗe yana fara mutuwa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma idan aka kai 4 kusan duka ya tafi. A 2012 watan Maris ya yi zafi irin wanda ba a saba ba, itatuwa suka farka makonni kafin lokaci, sanyin Afrilu ya biyo baya, jihar Mishigan ta rasa mafi yawan ceri (ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu ƙwallo ɗaya) da tuffarta na shekarar. Saboda haka ka fita da sassafe a ranar da raɓa ta daskare, ka duba inda farin ya fi kauri kuma ya fi daɗewa bai narke ba, ka guji wurin. Tsakiyar gangare ya fi. Jikin bangon da ke fuskantar kudu yana da ɗumi, mutane suna sonsa, amma yana tada itace daga barci da wuri, don haka duk mai saurin fure gara a kai shi gefen da ke fuskantar arewa ko gabas, inda dusa ke daɗewa. Ka kuma nisanci baƙin itacen gyaɗar Amurka da ake kira walnot, domin saiwarsa tana fitar da guba da tuffa ba ta jurewa. Kafin ka haƙa rami, ka kira lambar 811 a zo a nuna maka inda wayoyi da bututu suka bi, kyauta ne kuma doka ce, sannan ka aika da ƙasar gonar ɗakin gwajin ƙasa na jami'ar.

Wajen dashen, ramin ya fi faɗi bisa zurfi, a mayar da ƙasar da aka haƙo ba tare da an cika ramin da taki ba, kuma mahaɗin auren, wannan ɗan kumburi da ke kusa da gindi, ya kasance santimita 5 zuwa 10 a saman ƙasa. Idan aka binne shi, saman zai yi tasa saiwar, gajeren itacen da ka biya kuɗinsa ya zama ƙato. A kewaye gindin da ɓarɓashin katako mai kaurin santimita 8 zuwa 10 da faɗin mita ɗaya, domin ciyawa tana ƙwace wa ƙaramin itace ruwa fiye da yadda ake zato, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da ɓawon. Busasshiyar ciyawa ko harawa kada ta kusanci gindin a kaka, domin gina wa ɓera ɗaki ne a bakin rumbu.

Yanzu ga aikin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk shekara, kuma ba ya cin fiye da yini ɗaya a watan Oktoba. A sayo ragar waya mai ƙananan idanu, kimanin milimita 6, a yanka, a naɗe ta kamar bututu a kewaye kowane gindi da ita da ɗan sarari, a nutsa bakinta cikin ƙasa santimita biyar domin kada ɓera ya bi ta ƙasa. Tsawonta ya wuce inda dusa ke kaiwa. Wannan na koya da asara. Wata shekara na sa raga mai tsawon santimita 45 na koma na kwanta da daɗin rai, sai dusa ta taru ta daskare ta yi tauri har saman ragar. Da na fita a watan Fabrairu, na tarar da sawun zomo ya zagaye wata Haralson mai shekara uku, ya tsaya a kan dusar kamar an kafa masa dandamali, ya yanke ƙananan rassan da haƙori tsaf kamar an sa almakashi, ya ɓare ɓawon sama da ragar, ga kashinsa nan zube kamar ƙwayar wake. Tun daga ranar nake sa raga mai tsawon mita guda, kuma bayan kowace dusa mai yawa nakan je in tattake kewayen gindin da takalmi, wanda ke rushe hanyoyin ɓera kuma ya rage wa zomo tsawo. Barewa kuwa babu abin da ke hana ta sai shinge, ko dai mai tsawon mita biyu da rabi a kewaye gonar duka, ko keji na waya ga kowane itace. Sabulu da gashi da sauran abubuwan da ake ratayawa suna aiki ne har ranar da yunwa ta matsa mata.

A wannan yinin ne kuma ake shafa wa gindin farin fenti. A ƙarshen hunturu rana takan bugi ɓawon ta gefen kudu maso yamma da la'asar, ya ɗumama har ƙwayoyin halittarsa su farka, rana na faɗuwa sanyi ya dawo cikin mintuna, ɓawon ya mutu ya tsage tsawon gindin. Farin fentin bango mai haɗin ruwa, a sirka shi da ruwa rabi da rabi, a shafa daga ƙasa har reshen farko, yana mayar da hasken. Fentin mai ba ya cikin lissafi, yana cutar da itacen.

Datse rassa ana yinsa a watan Maris zuwa farkon Afrilu, bayan tsananin sanyi ya wuce kuma kafin toho ya buɗe, ba a kaka ba, domin yanka yana rage juriyar wurin da aka yanka. A shekarun farko abin da ake nema shi ne gangar jiki ɗaya miƙaƙƙiya da rassa huɗu ko biyar da suka fita a kwance. Reshen da ya tashi a tsaye manne da gangar jiki yakan yage ranar da nauyin 'ya'ya ko na dusa ya hau shi, kuma yana jinkirin haihuwa. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar a zahirinta take: a watan Yuni, sabon reshe yana da tsawon yatsa, ana maƙala abin shanya tufafi a gangar jiki daidai samansa, ya tilasta masa fita a kwance, bayan 'yan makonni a cire. Furen shekarar farko a tsinke shi duka, ko da zuciya ba ta so. Daga baya ma, idan 'ya'yan suka kai girman goro ƙarami a watan Yuni, a rage su a bar ɗaya a kowane gungu, da tazarar santimita 15 zuwa 20, wanda shi ne maganin hutun shekara da Haralson da Honeycrisp ke yi.

Cututtuka da ƙwari suna da yawa, amma biyu zan ambata. Akwai cutar da ke sa kan sabon reshe ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ƙwayar bakteriya ce, tana son ɗumi da laima da ɗanyen tsiron da yawan taki ke haifarwa, kuma tana iya gangarawa ta kashe ƙaramin itace cikin shekara guda. Ana yanke reshen santimita 30 ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a ranar da babu ruwa, a goge almakashin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka, a ƙone abin da aka yanke. Na biyu wani ƙaramin ƙuda ne da ke fitowa daga farkon Yuli ya yi ƙwai a cikin tuffa, tsutsarsa ta bi naman ta bar layuka masu launin ƙasa. Mai itace biyar ko shida ba ya bukatar feshi dominsa. Bayan an rage 'ya'yan, kafin Yuni ya ƙare, ana sa kowace tuffa cikin ƙaramar ledar abinci mai zif, a zuge ta a wuyan, a yanke kusurwoyin ƙasa biyu domin ruwa ya fita. Itacen zai yi kama da wanda iska ta kwaso wa shara, maƙwabta za su yi tambaya, amma tuffar tana nuna a ciki lafiya. Waɗanda suka faɗo ƙasa a riƙa tsince su kowane mako, domin daga cikinsu tsutsar ke shiga ƙasa ta jira baɗi.

Ka tambayi abin da iyali za su riƙa samu kowace shekara, kuma gaskiyar ita ce tuffa kaɗai ba za ta cika wannan alkawari ba, tunda dare ɗaya a watan Mayu yana iya share ta. Ƙananan itatuwa da tsirran da ke dawowa da kansu su ne ke toshe wannan giɓi, kuma da su ya kamata ka fara bana. Ceri mai tsami irin North Star, wadda jami'arku ta fitar a 1950, ba ta bukatar abokiyar fure. Jami'ar Saskacewan ta Kanada ta fitar da gajerun ceri masu kama da kurmi, irin su Carmine Jewel, waɗanda ba 'yan aure ba ne, a kan saiwarsu suke, don haka ko sanyi ya kashe saman, abin da zai tsiro daga ƙasa irin nan ne dai. Jami'ar Saskacewan ɗin ce kuma ta inganta haskaf, wani ɗan itace mai dogayen 'ya'ya shuɗaye, wanda furensa a buɗe yake jure digiri 7 ƙasa da sifili kuma yake nuna tun watan Yuni. Yana son iri biyu a kusa da juna, da raga a kansa, in ba haka ba tsuntsaye za su riga ku. Rasberi, wani tsiro mai kara da ƙananan 'ya'ya masu taushi, yana bazuwa kamar ciyawa. Mai nuna da wuri ya fi a yanzu, saboda wani ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace da ya shigo jihar a 2012 ya fi yawa a ƙarshen lokacin zafi. Buluberi kuwa, ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye, sai gwajin ƙasa ya nuna tsaminta tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, in ba haka ba wahalarsa ta fi ribarsa.

Tsirrai biyu ne nake ganin bai kamata gidan ƙasar sanyi ya rasa ba. Asfaragos, kayan lambun da ake cin ɗanyen tsironsa, ana dasa saiwarsa a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a bar shi shekara biyu ba a taɓa ba, sannan a riƙa yankan tsironsa daga Mayu zuwa ƙarshen Yuni, a bar sauran ya yi ganye ya ciyar da saiwa. Kwami ɗaya da aka gyara da kyau yana yin shekara goma sha biyar zuwa ashirin, don haka a kashe duk wata ciyawa mai jijiya a wurin kafin dashe, domin bayan an dasa babu damar nome ta. Rubab, tsiro mai faffaɗan ganye da kara mai tsami, shi ne ke fara huda ƙasa da jan kansa dusa na narkewa, kuma sai ya sha sanyin hunturu yake tsiro da ƙarfi. Karansa ake ci, ganyensa yana da guba, a gaya wa yara wannan tun ranar farko. Turawa da sukari suke dafa shi, amma a gidanmu uwargida ta gano cewa tsaminsa yana tsaya wa yakuwa a fate, kuma tun daga nan muke yanka shi gunduwa-gunduwa mu ajiye a firiza.

Tuffa biyun da suka rage maka suna iya rayuwa. Ka duba gindinsu kamar yadda na ce. Idan cizon bai kai rabin kewayen ba, itacen zai rufe raunin da kansa cikin shekara biyu ko uku, muddin ka hana ciyawa kusantarsa, ka ba shi ruwa bokiti biyu a duk makon da ba a yi ruwan sama ba, kuma ba ka zuba masa taki ba. Idan ka ga tsiro yana fitowa daga ƙasan mahaɗin auren, ka cire shi, na gindin ne, ba irin da ka saya ba. Waɗanda suka mutu kuwa, idan saiwarsu ta turo sabon tsiro, kada ka tumɓuke. Ka bar guda ɗaya mai ƙarfi, ka sa masa raga a Oktoba, in Allah ya kai mu Afrilu ka nemi ɗan reshen Haralson mai kaurin fensir daga wani maƙwabci ka yi masa aure da kanka.